Ƙofar Ruwan da Ba Ta da Eka

Idan samarin nan masu koyon rubuta manhaja suka zo shagona suna cika baki cewa sana'ar ba ta da wuya, ba na musu da su. Alli nake ɗauka in rubuta 12 a jikin allo, in tambaye su ko mene ne wannan. Kafin in rufe baki sun amsa, wai sha biyu. Sai in ce to madalla, sha biyun me? Buhu ne, ko kwanan wata, ko lambar ɗaki? Ana iya raba shi, ko kuwa in an raba ya tashi daga aiki? A nan za ka ga kowa ya fara sosa ƙeya yana leƙen wayarsa.

Abin da nake so su gane shi ne kwamfuta ba ta ganin sha biyu. Duk abin da mutum ya buga mata, ko ya turo mata ta waya, rubutu ne tsurarsa, alama ɗaya a bayan ɗaya. Kafin a yi wani aiki da shi sai an juya shi ya zama wani abu takamaimai: cikakkiyar lamba, ko lamba mai ɗigo wadda ke ɗaukar rabi da kwata, ko kwanan wata, ko suna. Wannan shi muke kira nau'i. A bakin wannan juyin na ci abincina shekara da shekaru, kuma har gobe ina gode wa Allah da ya haɗa ni da wanda ya koya mini.

Ni a da mai buga takardu ne a wani shago kusa da tashar Kura, katin biki da takardun neman aiki. Ina da iyali a lokacin, ba yaro ba ne ni. A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa garinmu ne na haɗu da Injiniya Habu. Ya yi karatu a ƙasar waje, ya yi aiki a birni, sai hatsarin mota ya taɓa masa ƙafa, ya dawo gida yana dogara sanda. Wata rana ya kawo takarda a buga masa, na tsaya ina tambayarsa ko wani sifili da ke gaban wata lamba da gangan ya sa shi. Ya dube ni ta saman tabarau. Daga baya ya aiko cewa in ina son koyon abin da ya fi bugu, in same shi a bayan injin casar shinkafa.

Ɗakin aikinsa jingine yake da injin casar, saboda janaretan mai injin muke ja. In ya tashi mun tashi, in ya mutu mun zauna hira. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta ɗaya mai ƙaton kai, batiran mota guda biyu, firinta mai ƙara kamar ana yankan kwano, da wata 'yar waya mai tocila da aka ɗaure da roba a jikin igiyar da ke shiga kwamfutar, don karɓar saƙonni. Ƙaiƙayin shinkafa kuwa har cikin kunne. Aikina na farko a sana'ar nan burushin fenti ne, kullum da safe in buɗe bayan kwamfuta in share mata fanka. In na gama, sai ya sa ni in karanta masa abin da ya rubuta jiya da ƙarfi, layi bayan layi, in faɗa masa da Hausa abin da kowane layi ke yi. Ku da kuke kwafo komai daga intanet ku liƙa, da ba ku yi sati a wurinsa ba.

Harshen da yake rubutu da shi ba irin wanda ake koyarwa a makarantun kwamfuta na Kano ba ne, daga can ya zo da abinsa. Yana da kwamfaila, wato mai duba rubutunka kafin a bar shi ya yi aiki, kuma tana da basirar gane nau'in abu daga yadda ka yi amfani da shi. In ka ce ta karanta rubutu, can ƙasa kuma ka ninka abin da ta karanta da biyu da rabi, ba sai ka faɗa mata ba, ta san lamba mai ɗigo kake nufi. Kamar mai shago ne da ya ga ka shigo da galan, ya san ba sukari ka zo saye ba. Amma in ta duba sama da ƙasa ba ta ga abin kamawa ba, ba ta kintace. Tsayawa take cik, ta ce ba ta san nau'in abin nan ba, sai ka rubuta mata da hannunka a gefen layin.

Injiniya yana da doka a kan wannan. Duk inda ta gane da kanta, ka ƙyale ta, kada ka cika ta da surutu. Amma duk inda ta tsaya ta tambaye ka, ba ka da izinin ba ta amsa kana zaune a kujera. Sai ka tashi ka je ka ga abin a hannun mutanen da ke turo shi. Yakan ce wanda ya rubuta nau'i shaida ya bayar, shi kuma ba ya aiki da mai shaidar abin da bai gani ba.

Wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Bunkure ya taɓa kawo mana aikin adana lambobin wayar masu saye a wurinsa. Kwamfaila ta tambaya, Injiniya ya tura ni kasuwa. Na wuni a rumfar mutumin ina kallo, ban ga ya tara lambar wani da ta wani ba, ban ga ya raba ta biyu ba, kira kawai yake yi, kuma in ya manta sifilin farko kiran ba ya shiga. Da mun ce mata lamba ce, da ta cinye sifilin nan, don a lissafi ba shi da amfani a gaba. Na dawo na rubuta mata cewa suna ne. A wurin mai injin casa kuma na koyi cewa rabin buhu abu ne da ke nan, a wurin 'yan acaɓa na koyi cewa babu rabin babur. Kowane ɗayan waɗannan sai da na ƙona mai na je.

Babban aikinmu na wata ƙungiyar manoman rani ne, masu shan ruwa daga wani reshen kanal tsakanin Kura da Bunkure. Shugabansu Alhaji Tanko, manomin tumatir, mutum mai saurin fushi da saurin kyauta. A jikin reshen akwai ƙananan ƙofofin ruwa, kowace da mai kula da ita. Kowane mako mai ƙofa zai turo saƙo: lambar ƙofarsa, da yawan ekar da aka shuka a bayanta. Manhajar ta karanta, ta ninka ekar da awannin da kowace eka ke sha, ta buga takardar rabon ruwa, a manna a ƙofar masallaci da teburin mai shayi. Saboda wannan ninkawar, kwamfaila ta gane da kanta cewa lamba mai ɗigo ake karantawa, ba ta taɓa tambaya ba. Duk saƙon da bai karantu a matsayin lamba ba kuwa, manhajar gefe take ture shi ba ko tari, domin wayar nan ba abin da ba a turo mata, daga barka da Juma'a har saƙon da ya ɓata hanya.

Sai ga shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Dam bai cika ba, ciyawar kacalla ta toshe kanal, ruwan da aka saki bai kai yadda aka saba ba. A sauran shekaru ko an gama rabo akwai rara da ke gangarawa ƙasa, ba mai damuwa da ita. A wannan shekarar kwamiti ya sayo kwaɗuna, ya ce kowace ƙofa a kulle, ɗigo ba zai wuce ba sai wanda takarda ta ce. Alhaji Tanko kuma ya ce tsohon lissafin awanni ba zai yi ba. Yana so a fara buga musu ekar kowace ƙofa yadda aka turo ta, ba ninki ba komai, su zauna su duba da idonsu kafin a yi sabon rabo.

Injiniya ya ce in cire lissafin, in bar karantawa da bugawa kawai. Aikin da bai kai shan shayi ba. Na cire, na miƙa wa kwamfaila, ta tsaya. Ga umarnin karantawa, ga umarnin bugawa, amma ninkawar da take kamawa a tsakani ta tafi, yanzu ba ta san me za ta mayar da rubutun ba.

Alhaji Tanko yana tsaye a kanmu a lokacin, tumatirinsa ya fara fure, jama'a na jiran takarda. Na yi masa bayani iya yadda zan iya.

"To ka gaya mata lamba ce mana, Lawan. Eka ba lamba ba ce?"

Gaskiyarsa, a iya sanin kowa da ke ɗakin. Kalma ɗaya zan rubuta a gama. Na dubi Injiniya.

"Alhaji, a yi mana haƙuri zuwa gobe," in ji shi. "Shekarun nan ba ta tambaye mu ba, shi ya sa ba wanda ya je. Yau ta tambaya. Lawan, ɗauki babur."

Alhaji ya fita yana faɗa, yana cewa gara ya nemi malamin firamare da biro da ya zauna jiran akwatin da bai san eka ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, haushi nake ji, ga rana, ga hanyar bakin kanal ba daɗi.

Na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, kowane mai ƙofa in ce ya nuna mini abin da yake turowa. Na sama duk lamba ne, wani da rabi, wani da kwata. Ina gangarawa kanal na ƙara tsukewa, ruwa na ƙara ja da baya, har na kai inda ƙasan kanal ya tsattsage. A ƙofar ƙarshe na sami mai kula da ita, wani mutum mai suna Iro, yana zaune a kan kankare da sabon kwaɗo a gefensa. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Ga lambar ƙofa, a gurbin eka kuma ya rubuta shanu. Ya ce haka yake turowa kowane mako tun ran da aka fara, don shi ba zai rubuta ekar da babu ba.

Ya ja ni bayan ƙofar. Ba gona a wurin, wani babban rami ne, mashaya, ba abin da ya rage a ciki sai taɓo da sawun kofato. A gindin wata bishiya wani dattijon Bafulatani na zaune, Jauro Buba, wanda rugarsu ke nan tun kafin a haƙa kanal. Shi da Iro suka ba ni labarin. Da aka kawo ruwa yankin, iyayen manoma da iyayensu Jauro sun yi magana cewa ruwan wutsiyar kanal na mashayar nan ne. Su kuma shanu ba za su sauka bakin kanal su rusa shi ba, ba za su ratsa shuka ba, bayan girbi kuma a kwana da su a gonaki su ci tattaka su bar taki. Ba a rubuta ba, ba a kuma taɓa ware wa ramin awa ba, tun da rara na zuwa da kanta. Yanzu da aka sa kwaɗuna, rarar ta yanke.

Jauro ya riga ya tura 'ya'yansa kudu da shanun da ke da ƙarfin tafiya. Waɗanda suka rage masu shayarwa ne da 'yan maruƙa da tsofaffi. Ya ce hanya biyu ce gabansa: ko ya sake su su faɗa kanal ta cikin gonakin mutane, ko ya kora su kan hanya su zube ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ba zai yi ba, don bakin mahaifinsa na cikin maganar. Ta biyu kuma tana nufin barin gonarsa ta dawa, da cire jikokinsa daga makaranta, da barin inda aka binne iyayensa. Ya ce zai jira kasuwar Bunkure mai zuwa ta ci, in ba ruwa ya tashi.

"Baffa, ba ku kai kuka wurin kwamiti ba?"

"Iro yana aikawa kowane mako, ɗana. Ya ce akwai injin da ke karantawa a Kura."

Ban iya ce masa ni ne mai share wa injin fanka ba.

Da na koma na faɗa wa Injiniya, ya daɗe yana juya sandarsa a ƙasa. Sannan ya ce in jawo kujera. A ranar na ga aikin da ya sa har yanzu nake cire hula in an ambaci sunansa. Bai rubuta lamba ba, don da saƙon Iro ya sake faɗawa gefe. Bai kuma ce a ɗauki shanu a matsayin sifili ba, don sifilin eka sifilin ruwa ne. Sabon nau'i ya ƙirƙira, ya sa masa suna buƙatar ƙofa, ya ce abu ne mai fuska uku: ko eka da yawanta, ko mashaya, ko saƙon da ba a gane ba, wanda dole a buga shi a takarda mutum ya gani. Ya koya wa manhajar yadda za ta karanta kowace fuska, sannan ya miƙo mini madannai ya ce ni na je na gani, ni zan rubuta nau'in a gefen layin. Na rubuta, ta wuce.

Da muka zo mayar da lissafin awanni, ta sake tsayawa. Injiniya ya saita ta yadda ba ta yarda a bar fuska ɗaya ba a ce komai a kanta ba. Ta ce mun gaya mata abin da za a yi wa eka, ba mu gaya mata abin da za a yi wa mashaya ba. Na ce mu ɗan gutsuro awanni mu sa wa ramin, wa zai lura? Ya ce ruwan ba nawa ba ne, ba nasa ba ne, aikinmu mu sa abin a gaban masu ruwan yadda ba za su tsallake shi ba. Samari, ku riƙe wannan, don a nan masu hannu da yawa suke ɓata: gane nau'i aikinka ne, yanke hukunci ba naka ba ne.

Kwamiti ya zauna bayan la'asar a gindin mangwaro, aka kawo Injiniya a bayan babur. An yi zafi. Wasu suka ce shanu ba 'yan ƙungiya ba ne, wasu suka ce a bana kowa ta kansa yake yi, kuma ba ƙarya suka yi ba, kowa na kallon shukarsa na yaushi. Alhaji Tanko, wanda har lokacin bai huce ba, ya tambaya ko ba za a iya buga takardar haka nan a bar layin ƙarshe ba.

"Za a iya, Alhaji," in ji Injiniya. "Amma ba za ta yi shi a ɓoye ba. Sai ɗayanku ya faɗa da bakinsa cewa a hana mashaya ruwa, ni kuma in rubuta haka."

Aka yi tsit. A wurin nan ba wanda gonarsa ba ta ci takin shanun Jauro ba. Mutum na iya yin shiru abu ya wuce, amma ya buɗe baki a gaban jama'a ya faɗa, wannan wani abu ne daban. Can Alhaji Tanko ya ja tsaki, ya ce a gutsuro daga kowace ƙofa, a fara da tasa, a kuma ninka abin da za a cire masa tun da shi ne a sama. Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi. Ƙarshen gonarsa ya ƙone a shekarar, tumatirin wajen bai yi ba, kuma har aka gama rani in mun haɗu a hanya kai kawai yake ɗaga mini. Ban taɓa ganin laifinsa ba, ina kuma gode masa. Da shi da Injiniya duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Ranar da rabon ƙofar ƙarshe ya zo, ana gobe kasuwar Bunkure, na hau babur na je. Iro ya buɗe kwaɗo. Ruwan bai zo da gudu ba, a hankali ya taho yana tura tattaka da busasshen ganye a gabansa, tsagin ƙasa na shanye rabinsa. Shanun sun ji ƙamshinsa tun kafin mu gan shi, suka miƙe suna kuka. Wata tsohuwar saniya ta yunƙura ta kasa, sai a ƙwarya aka kai mata, ita kam ba ta kai ƙarshen makon ba. Sauran suka shiga taɓon har gwiwa suka kafa kai. A bayan bukkoki na hangi kayan da aka riga aka ɗaure, matan gidan sun tsaya a kansu suna kallon ramin.

Jauro bai matsa daga inda yake tsaye ba sai da ruwa ya rufe sawun kofaton. Sannan ya juyo wurina. Iro ya riga ya gaya masa ko ni wane ne.

"Ɗana, na'urar nan taku, ashe ta san da ni?"

"A'a, Baffa. Cewa ta yi ba ta san ko mene ne ake turo mata ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai ta ƙi yin gaba har sai an zo an gani."

Ya kalli maruƙan suna sha. Ya ɗaga hannu ya yi wa matan alama su kwance kaya.

"In ka koma," ya ce, "ka gaishe ta."